Asibitin Uwa da Yaro na Njamena: Me Ke Gaskiya, Me Ke Ƙanzon Kurege?

A gidan suna a Njamena, da zarar an ambaci Asibitin Uwa da Yaro sai hira ta rabu biyu. Wata ta ce can aka ceto ƴarta, wata ta ce ko da kuɗi ba za ta taka ƙofarsa ba. Asibitin, wanda gwamnatin marigayi Idriss Déby ta gina da kuɗin man fetur, shi ne inda ƙananan asibitoci ke tura mata da yara idan abu ya fi ƙarfinsu, kuma nan ɗaliban likitanci ke koyon aiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 zuwa 2015 ya nuna mata 860 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Chadi. A irin wannan ƙasa, jita-jitar da ta hana mace tafiya asibiti da wuri tana iya cin rai.

"Duk wadda aka kai can, sai an yanka ta."

Ba haka ba ne, amma ana iya gane inda maganar ta samo asali. Mata da yawa ba sa isowa sai bayan sun kwana biyu suna naƙuda a gida, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su. A lokacin tiyata ce kaɗai ta rage. Maƙwabta kuwa tiyatar suke gani, ba sa lissafa kwanakin da aka ɓata. Hasali ma matsalar Chadi ƙarancin tiyatar haihuwa ce: wancan binciken ya nuna ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, ƙasa ƙwarai da abin da ake bukata don ceton masu wahalar haihuwa.

"Wadda aka yi wa tiyata ba ta ƙara haihuwa da kanta."

Da yawa suna haihuwa da kansu daga baya. Sharaɗin shi ne a ba da tazara mahaifa ta warke, a riƙa zuwa awo, a kuma haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon yana iya yagewa lokacin naƙuda.

"Komai kyauta ne."

Rabin gaskiya ke nan. Tun 2007 gwamnati ta ayyana kulawar gaggawa kyauta a asibitocinta, daga baya aka mai da hankali kan masu juna biyu da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Sai dai idan magani ya ƙare a ma'aji, takarda ake rubuto wa dangi su sayo a waje. Haka batun jini: sau da yawa ana neman ƴan uwa su ba da nasu a madadin wanda za a ƙara wa mara lafiya. Maigidan da ya tanadi ƴan jakunkuna na sefa, ya kuma san wa zai kira don ba da jini tun ciki na wata bakwai, ya rage wa kansa zirga-zirgar tsakar dare.

"Yoyon fitsari asiri ne, ba ya warkewa."

Wannan ƙarya ce mai tsada. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai masa, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, kuma wannan haɗarin yana cikin dalilan da suka sa Chadi ta kafa dokar 2015 mai hana aure kafin shekara 18. Yankan gishiri ma yana jawo yoyon fitsari. A Njamena akwai cibiyar ƙasa ta musamman da ke ɗinke irin wannan rauni da tallafin hukumar UNFPA, kamar yadda ake yi a Babbar Ruga ta Katsina, kuma mafi yawan waɗanda rauninsu bai yi tsanani ba suna warkewa.

"Yaron da ya kumbura ya samu lafiya ne, ramammen kuma maye ya kama."

Kumburin ƙafa da fuska alamar tamowa ce mai tsanani, haka ma rama. A Asibitin Abota na Chadi da Sin, ƙungiyoyin ALIMA da Alerte Santé sun yi shekaru suna jinyar irin waɗannan yara da madara ta musamman da kuma abincin gyaɗa na cikin leda. Gadaje sun fi cika da damina, lokacin da abinci ke ƙaranci, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yi yawa. Uwa na iya dubawa a gida: ta danna yatsa a bayan ƙafafun yaron duka biyu na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya tsaya bai ciko ba, ranar nan ya kamata a kai shi asibiti.