Aganar Shaho

A asibitin shaho na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 1999, agana tsohuwar baƙuwa ce. Sauro ne dillalinta: ya ciji tsuntsu mai cutar, ya koma kan lafiyayye. Nan gaba kaɗan ƙuraje su fito a ƙafa da fatar ido da gindin baki, su bushe su yi baƙin ɓawo, irin wanda muke gani a zankon zakara da damina. Wannan da sauƙi. Muguwar ita ce mai toshe maƙogwaro har numfashi ya gagara. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ɓawon da ya faɗo cikin keji kuwa yakan yi watanni da ƙwayar cutar a raye, shi ya sa ni shara da gidan sauro na fi amincewa da su.