Babi na Tara: Ɓarawon Wuta a Tsohuwar Mota

Da yamma an kashe mota lafiya lau, da safe an murɗa makulli sai ƙas-ƙas, inji ya ƙi juyawa. Daga Gidan Sori zuwa tashoshin Gidan Rumji da Gazawa, hukuncin guda ne: "Batir ya mutu, Alhaji, sai sabo." A je Maraɗi a sayo, kafin mako ya zagayo shi ma ya kwanta. To, sabon ma mutuwa ya yi? Randar da ke yoyo, ko sau nawa aka cika ta, da safe wayam za a tarar. Akwai abin da ke shan wuta bayan an zare makulli, shi ya kamata a nema.

Dubi lissafin. Ƙwan fitilar but mai wat 5 yana jan kusan amfa 0.4. In maɓallinsa ya maƙale ya kwana yana ci, a awa 24 ya sha kusan kashi ɗaya cikin shida na batir mai lamba 60, a kwana uku ya raba shi biyu. Motar ƙauye kuwa, wadda ba ta fita sai ranar kasuwa, ta kan yi fiye da haka a ajiye.

Kafin komai a wanke batir daga zargi: cikakke yana nuna bolt 12.6 a mita, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Wannan kowane bakanike ya sani.

Yanzu ga abin da na fi ƙauna a wannan sana'a, wato ƙwan gwaji: ƙaramin ƙwan mota ne da aka liƙa wa waya biyu. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A kwance wayar da ke kan batir mai alamar ragi, a ɗora waya ɗaya ta ƙwan a kan batir, ɗayar a bakin wayar da aka kwance. Duk wutar da za ta fita dole ta ratsa ƙwan. In bai kawo ba, ko ya yi ja-ja kamar zai mutu, agogo ne ko rediyo ke riƙe tashoshinsa, babu laifi. In ya haska rangaɗau, ɓarawo na ciki. Sai yaron gareji ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, maigidansa na tsaye ya zuba wa ƙwan ido. Wanda aka zare ƙwan ya mutu, layinsa za a bi. Ga Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da tsofaffin Hilux da Hiace, wannan ƙwan ya wadatar. Motocin da ke da kwamfuta, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, sai da mita, a jira kamar rabin awa su yi barci, kuma abin da ya haura miliamfa 50 abin tuhuma ne. Kada a tada inji mita na tsakani.

In an zare fiyus duka ƙwan bai mutu ba fa? Nan ne daɗin aikin. Saura wurare biyu. Na farko altaneta: in dayod ɗinta ta ƙone, wuta na komawa baya da dare, a cire babbar wayarta a gani. Na biyu, wanda ya fi yawa a wajenmu, ƙarin da hannun mutum ya yi: rediyo, cajar waya, ƙahon gayu, fitilun ado, duk an jona kai tsaye a kan batir, ba fiyus, ba ta makulli, an naɗe da leda.

Akwai wata magana da ta ishe ni, wai in aka ajiye batir a kan siminti ƙasa na tsotse shi. Wannan zance ne na zamanin da ake yin gidan batir da katako, daga baya da baƙar roba mai tsattsafa. Gidan batir na yau roba ce da wuta ba ta ratsawa. A ce ƙasa ta sha, alhali saman batir ya yi dumu-dumu da ƙura da jiƙar asid, kuma ta nan ne wuta ke silalewa daga kai zuwa kai! Tsumma da ruwa sun isa. Haka masu cewa sanyin hunturu ke kashe batir: zafin bazara, da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, shi ke ƙafar da ruwansa, hunturu tona asiri kawai yake yi. Masu cire kan batir inji na aiki, wai suna gwada caji, su kuma altaneta suke jefawa cikin haɗari.

Wanda gareji ya yi wa nisa ya riƙa kwance wayar ragi in zai ajiye mota kwanaki. Amma wannan lallaɓawa ce. Gyara na gaskiya shi ne duk abin da aka ƙara wa mota ya bi ta makulli, kuma a ba shi fiyus nasa.