Awon Kaurin Bangon Jijiyar Wuya a Jikin Yara Masu Ƙiba

A kowane gefe na wuya akwai babbar jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira karotid. Ita ce ake jin tana harbawa idan aka ɗora yatsa kusa da maƙogwaro. Bangonta hawa uku ne: shimfiɗar ciki mai santsi wadda jini ke gogawa, ta tsakiya mai tsoka, sai ta waje. Kaurin biyun farko a haɗe shi ake aunawa, domin a nan kitse ke fara maƙalewa, bango ya kumbura ya taurare, shekaru da dama kafin a kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Na'urar awon irin wadda ake yi wa masu juna biyu hoton ciki ce. Tana tura sautin da kunne ba ya iya ji cikin jiki, sautin ya daki bangon jijiya ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. A 1986 Paolo Pignoli da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka nuna cewa layuka biyu masu haske da ke fitowa a hoton, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da ainihin kaurin bangon. Tun daga lokacin aka samu hanyar leƙa jijiya ba tare da an yanka kowa ba.

Yaro zai kwanta rigingine, a ɗan karkatar da kansa gefe, a shafa masa man awo a wuya. Akan auna bangon da ke can nesa da fata, wajen santimita ɗaya ƙasa da inda jijiyar ta rabu biyu, a daidai lokacin da zuciya ta saki tsakanin bugu da bugu. Babu allura, babu zafi, babu haske mai illa irin na hoton ƙashi.

Dalilin waiwayar yara tsohon bincike ne. A 1953 likitocin sojan Amurka suka duba zukatan matasan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, suka tarar da alamun cutar jijiya a fiye da kashi 70 cikin ɗari, alhali yawancinsu ba su daɗe da shiga shekara 20 ba. Binciken garin Bogalusa a jihar Luwiziyana, wanda ya fara a farkon shekarun 1970, da na ƙasar Finlan da ya fara a 1980, sun bi yara har suka girma. A 2003 dukansu biyu suka bayyana cewa ƙiba da yawan kitse a jini tun ana ƙuruciya suna tafiya da kaurin bangon jijiya a lokacin girma. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce kima.

A jikin yaro mai lafiya kaurin bangon yana tsakanin milimita 0.4 da 0.5. Idan aka gwada rukunin yara masu ƙiba da takwarorinsu, na masu ƙibar yakan fi kauri, musamman waɗanda suka haɗa da hawan jini ko jikinsu ya fara ƙin jin sinadarin insulin. Kitsen tumbi ma yana da hannu, don yana sakin sinadarai masu hura kumburi a shimfiɗar jijiya. Ke nan yaron da ake yaba wa da cewa ya yi ɓulɓul, hutu ya karɓe shi, mai yiwuwa jijiyarsa ta riga shi tsufa.

Sai dai bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa bai kai kaurin silin gashi ba. Karkacewar hannun mai awo ko sauyin na'ura na iya haifar da kuskuren da ya kai wannan. Bugu da ƙari, yaro dogo mai girman jiki jijiyarsa ta fi faɗi, bangonta kuma kan ƙara kauri don ya ɗauki nauyin jinin, ba lallai don cuta ba. Shi ya sa awon ya fi amfani wajen bincike kan yara masu yawa, da bibiyar masu larura ta musamman kamar gadon yawan kitse a jini, ciwon sukari ko ciwon ƙoda. Ga yaro mai ƙiba a asibitin yau da kullum, sikeli da awon tsawo da na hawan jini da gwajin sukari sun fi araha, sun kuma fi faɗa wa likita abin yi.

Bangon jijiyar yaro yana iya komawa daidai. Gwaje-gwajen da aka yi a Jamus da Hong Kong sun nuna raguwar kaurin bayan watanni na motsa jiki, wani wurin haɗe da gyaran abinci. A 2011 aka tattara bayanan mutane sama da 6,000 daga Amurka da Finlan da Ostireliya, aka ga waɗanda suka yi ƙiba suna yara amma suka rabu da ita kafin girma, haɗarin kaurin jijiyarsu ya zo kusan ɗaya da na waɗanda ba su taɓa yin ƙiba ba.