Zari-ruga: Dabarar da Penrith ta bi ta lashe kofin Ostireliya sau huɗu a jere

A daren 1 ga watan Oktoban 2023, 'yan kallo sama da dubu 80 ne suka cika babban filin wasa na birnin Sydney domin kallon wasan ƙarshe na gasar NRL, wadda ita ce gasar zari-ruga mafi girma a Ostireliya.

Saura ƙasa da minti 20 a tashi, ƙungiyar Brisbane Broncos tana gaban Penrith Panthers da maki 24 da 8. Wani matashin ɗan wasan Brisbane, Ezra Mam, ya keta 'yan bayan Penrith har sau uku jim kaɗan bayan dawowa daga hutun rabin lokaci. Ga shi kuma Jarome Luai, ɗaya daga cikin masu tsara wa Penrith wasa, ya fita da ciwo a kafaɗa.

Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta farfaɗo daga irin wannan tazara a wasan ƙarshe na gasar ba. Amma da aka busa tashi, Penrith ce ta ɗaga kofi da ci 26 da 24.

An yi ta yabon Nathan Cleary, kyaftin ɗin ƙungiyar kuma ɗan kocinta, wanda ya jagoranci farfaɗowar. Sai dai masu bibiyar wasan sun san cewa abin da ya faru a mintunan ƙarshen ya samo asali ne daga wani tsari da mahaifinsa Ivan Cleary ya shafe shekaru yana ginawa.

Wane irin wasa ne wannan?

Zari-ruga iri biyu ce. Akwai ta 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wadda Afirka ta Kudu ta yi fice a cikinta, akwai kuma ta 'yan wasa 13 da ake kira Rugby League, wadda ita ce Penrith ke bugawa.

Sun rabu ne a watan Agustan 1895 a garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, lokacin da ƙungiyoyin yankin suka ɓalle saboda an hana su biyan 'yan wasansu, waɗanda akasarinsu leburorin ma'adinai da masaƙu ne, kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. An fara gasar ta 'yan 13 a Sydney a 1908.

Ana yin minti 80. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai gefe ko baya. Wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan karawa ya samu maki huɗu, sannan a ba ƙungiyarsa damar bugawa tsakanin turaku domin ƙarin maki biyu.

Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce ta kamu shida. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kama 'yan wasanta sau shida kacal, daga nan ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da aka kayar da mutum, zai tashi ya tura ƙwallo baya da ƙafa, su kuma masu tsaron gida dole su ja da baya mita 10.

Wannan ja da baya da sake tasowa shi ne ke cinye ƙarfin ɗan wasa. Saboda haka babban aikin koci shi ne ya tsara yadda za a kashe kamun nan shida, da kuma wurin da za a miƙa wa abokin karawa ƙwallo idan sun ƙare.

Dokar da ta sauya lissafi

Shekaru da dama, ƙungiyar da ta fi kowa iya rage saurin wasa ita ce Melbourne Storm, ƙarƙashin koci Craig Bellamy da ke jan ragamarta tun 2003. 'Yan wasanta sun ƙware wajen riƙe mutum kamar a dandalin kokawa, su jinkirta tashinsa na ɗan lokaci domin 'yan'uwansu su samu sukunin jera layi.

A watan Mayun 2020, lokacin da aka dawo wasa bayan hutun annobar korona, hukumar gasar ta kawo sabuwar doka. Idan masu tsaron gida suka jinkirta tashin wanda suka kama, alƙalin wasa ba zai tsayar da wasa ba, zai ɗaga hannu kawai ya ba masu ƙwallo sabon kamu shida, wasa ya ci gaba.

Nan take wasan ya ƙara sauri. Manyan ƙarti masu nauyi suka fara haki tun kafin hutun rabin lokaci, ga shi sauyi takwas kawai aka yarda koci ya yi a wasa guda.

Dokar ta zo daidai lokacin da Penrith ke da matasa masu jini a jika. A kakar 2020 sun yi nasara a wasa 17 a jere har suka kai wasan ƙarshe. A can ne Melbourne ta nuna masu cewa da sauransu: ta zura masu maki 22 babu ko ɗaya kafin hutu, aka tashi 26 da 20.

Koci da aka taɓa kora

Ivan Cleary ya san ɗacin faɗuwa tun kafin wannan dare. Ya kai New Zealand Warriors wasan ƙarshe a 2011 amma Manly ta doke su. Ya karɓi Penrith a 2012, aka sallame shi a ƙarshen 2015. Ya horar da Wests Tigers a 2017 da 2018, sannan ya dawo Penrith a 2019, shekarar da ƙungiyar ta ƙare a mataki na 10.

A lokacin wasu na ganin an dawo da shi ne kawai domin ɗansa Nathan kada ya bar ƙungiyar. Shekara biyu bayan haka bakin masu wannan magana ya mutu.

Tsarin da ya kafa bai dogara da ƙayatar da 'yan kallo ba. Manufarsa ita ce a riƙe ƙwallo ba tare da kuskure ba, a tsare abokin karawa a cikin gidansa, a sa shi ya yi ta kamu har ƙafafunsa su yi nauyi. Sai bayan nan ake neman maki.

Yadda ake kashe kamu shida

Idan abokan karawa suka bugo ƙwallo, 'yan bayan Penrith uku ne ke fara ɗaukarta. A da, aikin ɗan gefe shi ne ya jira a miƙo masa ya ruga ya dangwala. A Penrith kuwa, Brian To'o da Dylan Edwards su ne ke ɗaukar kamu na farko da na biyu, suna kutsawa cikin ƙarti. To'o gajere ne mai ƙarfin ƙafa, yakan ci gaba da tura mutane gaba ko bayan sun rungume shi.

Amfanin haka biyu ne. Ƙungiya tana fita daga gidanta da wuri, sannan manyan 'yan gaba irin su James Fisher-Harris da Moses Leota suna samun numfashi kafin a zo kansu.

A kamu na uku da na huɗu ake ganin aikin Isaah Yeo mai lamba 13. A al'adance mai wannan lamba ɗan dako ne, ya ɗauki ƙwallo ya yi karo. Yeo kuwa yakan riƙe ta da hannu biyu ya nufi layin masu tsaro, ƙato ɗaya a gefensa, mai tsara wasa a bayansa.

Mai tsaro ba ya sanin ko Yeo zai yi karo da kansa, ko zai miƙa wa na gefensa, ko zai jefa baya ga Nathan Cleary. Idan ya taso da wuri ya bar rami, idan ya tsaya an ci mita. Wannan ɗan jinkiri shi ke ba Cleary da Luai sarari a gefe.

Kamu na ƙarshe na ƙafar Nathan Cleary ne. Idan suna nesa, ya buga doguwa zuwa kusurwa, 'yan wasansa su bi ta a jere kamar an ja zare, su kama wanda ya ɗauka kusa da layinsa. Idan suna kusa, ya gangara ta ƙasa zuwa bayan layi. Idan aka kama mai tsaro a can, dole ƙungiyarsa ta bugo wa Penrith ƙwallo, a sake sabon kamu shida.

Ƙungiyar da aka yi wa haka sau biyu ko uku a jere takan yi kamu kusan 20 ba ta taɓa ƙwallo ba. Ko ba a ci ta a lokacin ba, gajiyar tana nan tana jiran ta a minti 20 na ƙarshe.

Tsaron gida da ke haifar da maki

Wasan ƙarshe na 2021, wanda aka buga a Brisbane saboda korona, ya nuna ɗaya fuskar tsarin. Penrith da South Sydney ta koci Wayne Bennett suna kunnen doki, sai Cody Walker ya yi doguwar jifa zuwa gefe. Stephen Crichton ya karanta ta, ya cafke a sama, ya ruga ya dangwala. An tashi 14 da 12.

A 2022 sun doke maƙwabciyarsu Parramatta da ci 28 da 12. A 2024 suka rama abin da Melbourne ta yi masu, da ci 14 da 6, inda suka hana ta ko maki ɗaya bayan hutun rabin lokaci.

Ko farfaɗowar 2023 ta bi wannan hanya. Cleary ya keta layi ya miƙa wa Leota ya dangwala. Daga nan ya buga ƙwallo daga cikin mita 40 na gidansu ta fita a cikin mita 20 na gidan Brisbane, bugun da doka ta ce wanda ya yi shi ƙwallo ta ci gaba da zama a hannunsa. Brisbane ta koma kamu ba hutawa. Crichton ya ƙara, sannan saura 'yan mintuna Cleary ya ratsa tsakanin gajiyayyun 'yan tsakiya ya dangwala kusa da turaku.

Rabon da wata ƙungiya ta lashe kofin sau huɗu a jere tun zamanin St George, wadda ta ɗauka sau 11 daga 1956 zuwa 1966. A wancan lokacin babu dokar ƙayyade kamu, ƙungiya na iya riƙe ƙwallo iya son ranta.

Taurari na tafiya, tsari na nan

Abin da ya sa nasarar Penrith ta fi ba da mamaki shi ne dokar iyakance albashi. Kowace ƙungiya a NRL tana da adadin kuɗin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasa. Ƙungiyar da ta ci kofi farashin 'yan wasanta na tashi, dole ta saki wasu.

Matt Burton ya tafi Canterbury bayan 2021. Viliame Kikau da Api Koroisau sun tafi bayan 2022. Crichton da Spencer Leniu sun bi bayan 2023. Luai da Fisher-Harris da Sunia Turuva sun tafi bayan 2024. Hatta mataimakan koci, Cameron Ciraldo da Andrew Webster, sun samu ƙungiyoyin kansu.

Maganin da Penrith ta samo shi ne renon yara. Garin yana yammacin Sydney, yankin masu ƙaramin ƙarfi da iyalai da dama 'yan asalin tsibiran tekun Pasifik. Luai da To'o da Crichton duk a yankin Mount Druitt suka taso, kuma su ne suka taimaka wa Samoa ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 2022. Ƙungiyar tana kuma ɗauko yara daga garuruwan karkara: Yeo daga Dubbo, Liam Martin daga Temora.

Ana koya wa matasan salon manyan tun suna ƙasa. A 2022 Penrith ta lashe kofunan matakai huɗu a kaka guda, daga na 'yan ƙasa da shekara 19 har zuwa na manya. Idan tauraro ya tafi, wanda zai gaje shi ya riga ya san inda zai tsaya a kowane kamu.

Inda tsarin ya gaza

Ba kowa ke sha'awar salon ba. Masu suka na cewa ya fi kama da aikin injin niƙa, kuma ɗan kallo ya biya kuɗinsa ne domin ya ga gudu da jifa da kasada.

Ƙungiyoyin Ingila ma sun nuna cewa ana iya karya shi. A wasan da ake haɗa zakarun ƙasashen biyu, St Helens ta doke Penrith 13 da 12 har gida a 2023, sannan Wigan ta doke ta 16 da 12 a 2024. Dukkansu sun jure karon tsakiya, ba su ba da ƙwallo a banza ba.

A gida kuwa, Brisbane ce ta kawo ƙarshen mulkin. A wasan kusa da na ƙarshe na 2025, Penrith tana gaba da maki 14 babu ko ɗaya, Brisbane ta farfaɗo ta ci 16 da 14. Mako guda bayan haka ta doke Melbourne 26 da 22 ta ɗauki kofi, inda Reece Walsh, ɗan wasa mai saurin gaske da son kasada, ya zama gwarzon wasan.

Wannan ya sake tayar da tsohuwar muhawara tsakanin masu horarwa: a gina ƙungiya kan haƙuri da rashin kuskure, ko a saki masu baiwa su yi abin da idonsu ya gani?

Sai dai ita ma Brisbane ɗin ta 2025 ba da ƙwarewar Walsh kaɗai ta yi nasara ba. Sabon kocinta Michael Maguire sananne ne wajen tsananin atisaye da matsa wa 'yan wasa kan tsaron gida, kuma a wasanni biyun nan na ƙarshe ba a ci Brisbane ko maki ɗaya ba bayan hutun rabin lokaci. Abin da ya kayar da ita a daren Oktoban 2023, wato gajiya a mintunan ƙarshe, shi ne ta gyara kafin ta karɓe kofin daga hannun Penrith.