Jan Zoben Xbox 360: Me Ke Kashe Na'urar, Kuma Wane Gyara Ne Ke Ɗorewa?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san yadda wuri ke yin tsit idan na'ura ta ƙi tashi. A Xbox 360 alamar ba ta ɓuya: fitilun da ke kewaye da maɓallin kunnawa, waɗanda aka saba gani kore, sai uku daga cikinsu su koma ja suna ƙyaftawa, talabijin kuma ya yi baƙi. Masu wasa sun laƙaba wa wannan alama suna jan zoben mutuwa.

Kamfanin Microsoft ya daina ƙera Xbox 360 tun 2016, amma ya sayar da fiye da miliyan 84, kuma da yawansu na nan suna yawo a matsayin kwance, har a kasuwanninmu. Ga mai shagon da ke cin abinci da ita, ko matashin da ya tara kuɗi ya saya, tambaya ɗaya ce: a kai ta gyara, ko kuɗin gyaran asara ne? Amsar na buƙatar a fara sanin abin da ya lalace a ciki.

Yadda abin ya faro

An fitar da Xbox 360 a Amurka ranar 22 ga Nuwamba, 2005, shekara guda kafin Sony ya fito da PlayStation 3. Ba a daɗe ba koke ya fara yawa. Da farko kamfanin ya nuna cewa matsalar ba ta wuce abin da aka saba gani a kayan lantarki ba. Amma a Yulin 2007 ya fito fili ya amince, ya tsawaita garanti zuwa shekara 3 ga duk na'urar da ta nuna jajayen fitilu uku, ya kuma ware sama da dala biliyan 1 don gyara. Peter Moore, wanda ke jagorantar sashen Xbox a lokacin, ya ba da labari daga baya cewa ya je gaban shugaban kamfanin, Steve Ballmer, da lissafin dala biliyan 1.15, shi kuwa nan take ya ce a yi.

A 2009 kamfanin sayar da garanti na SquareTrade ya fitar da ƙididdigar da ta nuna kashi 23.7 cikin 100 na Xbox 360 sun samu matsala cikin shekara biyu na farko. PlayStation 3 ta tsaya a kashi 10, Wii ta Nintendo kuwa kashi 2.7 kacal.

Kowace fitila da ma'anarta

Ba duk ja ne mutuwa ba. A samfurin farko zoben ya kasu kashi huɗu, kuma yawan waɗanda suka yi ja shi ke nuna inda matsalar take.

Idan huɗun duka suka yi ja, wayar da ke kai hoto talabijin ce ba ta zauna daidai ba, sai a cire a mayar. Idan biyu ne, na'urar ta ɗau zafi fiye da kima, tana buƙatar hutu da iska. Idan ɗaya ne, yawanci lambar matsala na fitowa a talabijin, wadda aka fi sani ita ce E74, kuma a 2009 Microsoft ya saka ta cikin garantin shekara 3. Uku kuwa na nufin wani ɓangare na injin ya gaza, ba tare da an fayyace wanne ba.

Na'urar na da hanyar yin ƙarin bayani. Yayin da fitilun ke ƙyaftawa, mutum zai danne ƙaramin maɓallin da ake haɗa hannun wasa da shi, sannan ya latsa maɓallin fitar da faifai sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Kowace latsawa za ta kunna wasu adadin fitilu, adadin shi ne lambar, fitilu huɗu kuma na nufin sifiri. A ƙarshe za a samu lamba mai gida huɗu. Idan 0001 ta fito, matsalar daga wuta take. Idan 0102 ce, wadda ita aka fi gani, zargi na komawa kan cif ɗin hoto. Mai gyaran da ya ɗauko sukundireba bai duba wannan lamba ba, lalube yake yi cikin duhu.

A fara daga waje

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, adaftar wuta ake fara dubawa, domin ita ma kan jawo jajayen fitilu uku. Tana da tata fitilar: ruwan lemo idan na'ura na kashe, kore idan tana aiki, ja idan ita kanta ta samu matsala. Idan an gwada wata lafiyayyar adafta na'urar ta tashi, magana ta ƙare da kuɗi kaɗan.

Nan ne masu sayen kwance a Najeriya da Nijar ke yawan faɗawa rami. Adaftar Xbox 360 da aka yi don Amurka na karɓar wutar da ba ta wuce bolt 127 ba, alhali wutar gidajenmu 220 zuwa 230 ce. Da zarar an jona ta kai tsaye a soket, ta ƙone. Rubutun da ke jikinta ya faɗi ƙarfin wutar da take ɗauka, karanta shi bai kai minti ɗaya ba. Wanda tasa ta Amurka ce, ko dai ya nemi taransfomar rage wuta, ko ya sayi adafta mai 220 da ta dace da samfurinsa. Buɗe adaftar a gida kuwa kasada ce, saboda kafasitocin ciki kan riƙe wuta ko bayan an zare ta daga bango.

Ainihin ciwon

Idan adafta lafiya lau take, to sai a leƙa ciki. Cif ɗin hoto na Xbox 360, mai suna Xenos, wanda aka tsara tare da kamfanin ATI, hawa biyu yake da shi. Akwai ɗan guntun silikon a sama, wanda ke zaune kan wani ƙaramin faranti ta hanyar ɗigo-ɗigon lika ƙanana ƙwarai, da wani danƙo da aka ɗura a tsakaninsu don ya riƙe su. Shi kuma farantin yana zaune kan babban bod ta hanyar wasu ƙwallayen lika da suka fi na sama girma.

Shekaru da dama an ɗauka manyan ƙwallayen ƙasa ne ke tsagewa. A 2021 Microsoft ya fitar da shirin tarihin Xbox mai suna Power On, inda injiniyansa Leo Del Castillo ya bayyana cewa haɗin da ke karyewa a cikin cif ɗin yake. Kuma abin da ke karya shi shi ne sauyawa daga zafi zuwa sanyi a kai a kai. Duk lokacin da aka kunna na'ura kayan ciki na buɗewa, idan aka kashe su tsuke. Silikon da faranti ba sa buɗewa daidai da juna, danƙon da ke tsakaninsu kuma yakan yi laushi idan zafi ya yi yawa, sai nauyin ya koma kan ƙananan ɗigon. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa gaba da baya, wata rana dole ta katse.

Gyaran da ke yaudara

Sanin wannan shi ke tona asirin dabarun da suka cika intanet.

Ta farko ita ce naɗe na'ura da tawul a bar ta a kunne har ta yi zafi sosai. Wani lokaci takan tashi bayan haka, shi ya sa dabarar ta yi suna. Sai dai likar da ba darma a cikinta sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa, tawul kuwa ba ya kai ta ko kusa. Abin da ke faruwa shi ne zafin na motsa kayan ciki har bakin tsagar ya sake taɓa juna na ɗan lokaci, a hanya kuma ya gasa kafasitoci da sauran sassan da ba su da laifi.

Ta biyu ita ce cire ƙarfen nan mai siffar X da ke riƙe da matsotsin zafi ta ƙasan bod, a maye gurbinsa da notuna a ɗaure tamau. Matsin kan danne tsagar ta haɗu, amma yana iya lanƙwasa bod ɗin, ya ɓata shi yadda ko ƙwararre ba zai iya ceto shi ba.

Ta uku ita ce hura wa cif iska mai zafi da bulowa, irin yadda ake yi wa aisin waya. Ta huɗu, wadda ta fi tsada, ita ce a ɗaga cif ɗin a sauya masa manyan ƙwallayen ƙasa. Dukkansu kan tayar da na'ura, amma idan tsagar a ƙananan ɗigon ciki take, ba a taɓa ta ba. Zafin aikin ne ya sa ta farfaɗo, bayan makonni ko watanni jan zoben ya dawo. An yi maganin zazzaɓi, an bar ciwon.

Gyaran da ke ɗorewa

Maganin gaskiya shi ne a cire tsohon cif ɗin hoto a dasa wanda aka ƙera bayan an gyara kuskuren, ko a sauya bod ɗin gaba ɗaya. Dasa cif na buƙatar injin da ke ɗumama bod daga ƙasa da sama a lokaci guda, yana ɗaga zafi a hankali bisa ma'auni. Bulowar hannu ba ta isa ba.

Don haka kafin mutum ya miƙa na'urarsa, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi: wace lamba ta nuna, cif za a sauya ko zafi kawai za a hura masa, kuma garantin wata nawa mai gyaran zai bayar? Wanda ya yi alkawarin gama aiki cikin minti 20 bai kuma yarda ya tsaya wa aikinsa ba, ya riga ya ba da amsa. Idan kuma kuɗin dasa cif ya kusa kai farashin wata na'urar mai lafiya, hikima ita ce a ciro faifan ajiya, wanda a samfurin farko maɓalli ɗaya ake dannawa ya fita, a maƙala shi a wata. Wasannin da aka adana suna nan ba su ɓata ba.

Ga mai shirin sayen kwance

Ba duk Xbox 360 ne iri ɗaya ba. Bod na farko, Xenon, da Zephyr na 2007 su suka fi mutuwa. Falcon ya zo a ƙarshen 2007 da ɗan sauƙi, sannan Jasper na ƙarshen 2008, wanda cif ɗin hotonsa ya fi ƙanƙanta da rashin zafi, shi ne aka fi yarda da shi. Ana gane su ba sai an buɗe ba: takardar da ke manne a bayan na'ura na nuna 16.5A a na farko, 14.2A a Falcon, 12.1A a Jasper. Samfurin S na 2010, wanda aka haɗe cif ɗin hoto da na lissafi wuri guda, shi ma ya tsira daga wannan ciwo. Idan tambarin garanti ya yage ko an ga alamar an taɓa buɗe ta, sai a yi hattara, mai yiwuwa an hura mata zafi ne don ta kai ranar ciniki.

Bayan saye kuma sai kulawa. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa raga wa kayan lantarki. A ajiye na'ura inda iska ke ratsawa, ba cikin kabad ko kan kafet ba, a riƙa share ƙurar da ke toshe fanka, a sabunta man da ke tsakanin cif da matsotsin zafi idan ya bushe. Inda wuta ke rawa tsakanin NEPA da janareta, a yi amfani da sitabilaiza.

Darasin bai tsaya kan na'urar wasa ba. Cif ɗin da ke cikin wayoyin hannu ma da ƙwallayen lika yake zaune kan bod, kuma wayar da aka hura wa zafi ta tashi yau tana iya sake mutuwa a wata mai zuwa. Mai waya ma yana da haƙƙin ya tambaya: me aka sauya a ciki?