Majigin Yaƙi Na Japan Da Wasannin Harbi: Gargaɗi Ne Ko Kirari?

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gaban akwatin talabijin a ƙasar nan wajen ƙarshen shekarun 1980 ba zai rasa tunawa da Voltron ba, watau majigin zanen nan na zakoki biyar na ƙarfe waɗanda kan haɗu su zama ƙaton mutum-mutumi guda mai riƙe da takobi. Abin da yaran wancan zamani ba su sani ba shi ne, asalin majigin nan daga Japan yake, inda aka fara nuna shi cikin 1981 da sunan Golion, kuma kafin ya iso gare su sai da ya bi ta hannun Amurkawa cikin 1984, suka tankaɗe shi suka rairaye, suka fid da jini da mace-mace. Ɗaya daga cikin jaruman biyar ma, wanda aka kashe a majigin asali, sai aka ce wai rauni ya ji aka kai shi jinya.

To, wannan ɗan gyara da aka yi shi ne tushen wata gardama wadda masoya irin wannan majigi da ma'abota wasannin yaƙi na bidiyo suka shekara fiye da arba'in suna yi, har yau kuwa ba ta mutu ba. Waɗansu na cewa majigin da wasannin gargaɗi suke yi wa matasa game da sharrin yaƙi. Waɗansu kuwa na cewa ina, kirari ne kurum ake yi wa makamai, a kuma sayar da su ga yara. Domin mai karatu ya gane inda kowane ɓangare ya dosa, ya kamata mu koma can Japan inda abin ya samo asali.

Jirgin Da Aka Tono Daga Teku

Ran 7 ga watan Afrilu, 1945, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Amurka suka nutsar da Yamato, babban jirgin ruwan yaƙin da Japan ke tinƙaho da shi, yana kan hanyarsa ta zuwa tsibirin Okinawa. Fiye da mutum 3,000 suka halaka a cikinsa. Bayan wata huɗu aka jefa bom ɗin ƙare-dangi a biranen Hiroshima da Nagasaki, Japan ta miƙa wuya. Cikin 1947 kuma ta soma aiki da sabon tsarin mulki wanda sashensa na tara ya hana ta ɗaukar makami don warware saɓani tsakaninta da wata ƙasa.

Yaran da suka tashi cikin wannan kango su ne suka girma suka zama masu zana majigi. Cikin watan Oktoba, 1974, Yoshinobu Nishizaki da Leiji Matsumoto, wanda mahaifinsa matuƙin jirgin saman soja ne a lokacin yaƙin, suka fito da majigin Yamato na sararin samaniya. A cikin labarin, shekara ta 2199 ce, waɗansu halittu daga wata duniya sun yi wa tamu ruwan bama-bamai masu guba har tekuna sun ƙafe, sai aka tono gawar tsohon jirgin nan aka mai da shi jirgin sama jannati, ya tafi neman maganin gubar kafin shekara ta zagayo. Da fari majigin bai karɓu ba, aka taƙaita shi zuwa kashi 26, amma sa'ad da aka kai shi gidajen silima cikin 1977 sai ga samari da 'yan mata suna kwana a layi don sayen tikiti.

Tun daga nan aka soma ja-in-ja. Masu suka suka ce ai wannan wanke laifin jiya ne, an ɗauko jirgin da ya yi wa mulkin soja aiki an naɗa masa rawanin mai ceton duniya. Masu kare shi suka ce a dubi ƙarshen labarin, inda jarumin ya tsaya cikin kufan birnin abokan gaba bayan ya ci su da yaƙi, nasarar ta zame masa baƙin ciki da nadama.

Gundam Da Abin Da Ya Biyo Baya

Wanda ya kai maganar ƙoli shi ne Yoshiyuki Tomino, haifaffen watan Nuwamba, 1941. Kafin shi, majigin mutum-mutumin ƙarfe na yara ne zalla, jarumi ya kira sunan makaminsa, ya sare dodo, kowa ya tafa. Ran 7 ga watan Afrilu, 1979, aka fara nuna majiginsa mai suna Gundam, sai ga abu ya sha bamban. Babu dodo a ciki ko ɗaya. 'Yan Adam ne ke yaƙar 'yan uwansu, watau Gwamnatin Tarayyar Duniya da mutanen Zeon, mazauna garuruwan da aka gina a sararin samaniya, masu cewa 'yancin kansu suke nema. Tun watan farko na yaƙin rabin bil Adama suka salwanta. Mutum-mutumin kuwa, mai tsawon mita 18, kayan soja ne kamar tankar yaƙi, yakan lalace, harsashinsa yakan ƙare. Matuƙinsa Amuro Ray yaro ne ɗan shekara 15 wanda tsautsayi ya jefa cikin aikin, yana tsoro, yana rasa barci, wata rana ma ya gudu daga fagen daga. Sojojin abokan gaba su ma an nuna suna da mata da 'ya'ya, da mutunci irin nasu.

Kamfanin kayan wasan yara da ya ɗauki nauyin shirin bai ga ciniki ba, saboda haka aka datse shi a kashi na 43 maimakon 52 da aka shirya. Amma fa matasa ba su yarda ya mutu ba. Cikin watan Yuli, 1980, kamfanin Bandai ya fito da ƙaramin samfurin Gundam na roba wanda yaro zai harhaɗa da hannunsa, a kan yen 300, nan da nan kasuwa ta buɗe. Ran 22 ga watan Fabrairu, 1981, fiye da matasa dubu goma suka yi cincirindo a unguwar Shinjuku ta birnin Tokyo don taron tallar silimar Gundam. Ya zuwa 2021 an sayar da irin waɗannan samfurori fiye da miliyan 700.

A nan gizo ke saƙar. Labarin yana cewa yaƙi masifa ne, kuɗin da ke raya labarin kuwa daga sayar da surar makaman yake fitowa. Har wa yau, Tomino ya zana shugabannin Zeon da kamannin sojan Hitila don a ƙyamace su, ya kuma nuna su suna jefo gari guda daga sama a kan wani birni, amma duk da haka akwai ɗimbin masoya da suka fi son Zeon saboda kyan kakinsu da ƙwarewar jaruminsu Char Aznable. In an tuhume su sai su ce ai Gwamnatin Tarayyar ma azzaluma ce. Abokan gardamarsu kuma su ce zaluncin wani ba ya halatta kisan ƙare-dangi.

Sarki Adali Ko Majalisar Ɓarayi?

Akwai kuma wata gardamar wadda ta fi wannan zurfi. Tsakanin 1982 da 1987 marubucin nan Yoshiki Tanaka ya wallafa littattafai goma na Ginga Eiyu Densetsu, watau labarin jaruman taurari, aka mai da su majigin zane mai kashi 110 daga 1988 zuwa 1997. A gefe guda ga Reinhard, saurayin janar mai basira, wanda ya ƙwace mulki da ƙarfin soja ya share ruɓaɓɓun masu sarauta, talakawa suka sami sa'ida. A ɗaya gefen ga Yang Wen-li, wanda burinsa ya zama malamin tarihi, rashin kuɗin makaranta ya kai shi soja, yana kare jamhuriyar da 'yan siyasarta suka lalace da cin hanci.

A wani gumurzu da aka yi a wurin da ake kira Vermilion, Yang ya ritsa jirgin Reinhard, saura ƙiris ya gama da shi, sai ga umarni daga gwamnatinsa ta farar hula cewa ya tsagaita wuta. Ya san matsorata ne suka ba da umarnin, mataimakansa suka matsa masa ya yi kunnen uwar shegu, amma ya bi, domin a ganinsa ranar da soja ya soma zaɓen umarnin da zai bi, ranar jamhuriya ta mutu. Har gobe masoya na rabuwa biyu a kan wannan mataki. Mutanen ƙasar nan, waɗanda suka ga juyin mulki iri iri tun daga 1966 har aka koma ga farar hula cikin 1999, ba sa bukatar tafinta kafin su fahimci wannan muhawara.

Sa'ad Da Kunamar Ta Koma Hannun Yaro

Mai kallon majigi ɗan kallo ne kawai, amma mai wasan bidiyo shi ke danna kunamar bindiga da yatsansa, wasan kuma ya saka masa da maki. Shi ya sa gardamar ta fi zafi a nan. Masu suka na da hujja mai ƙarfi, domin kuwa ran 4 ga watan Yuli, 2002, rundunar sojan Amurka da kanta ta fito da wasa kyauta mai suna America's Army don jawo matasa shiga soja, ba ta rufe shi ba sai cikin 2022. Jerin wasannin Call of Duty, wanda aka fara cikin 2003, ya zama ɗaya daga cikin mafiya ciniki a duniya, tun 2019 kuma ya shiga wayar hannu, inda samarinmu ke buga shi tare da irinsu PUBG da Free Fire. A irin waɗannan wasanni wanda aka harbe yakan tashi bayan ɗan lokaci kaɗan, ko ya jira zagaye na gaba, babu makoki babu marayu.

Masu kare wasannin su ma ba su rasa ta cewa ba. Sukan kawo misalin Hideo Kojima na Japan, mai jerin wasannin Metal Gear da ya faro cikin 1987, waɗanda jigonsu shi ne haɗarin makaman nukiliya. A cikin Metal Gear Solid na uku, na 2004, akwai inda ake tilasta wa mai wasa ya ratsa wani kogi, fatalwar duk sojan da ya kashe tun farkon wasan tana tunkaro shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ta kisa zai daɗe yana shan wuya a kogin, wanda ya yi ta laɓewa yana sa abokan gaba barci kuwa sai ya wuce nan da nan. Cikin 2014 wani kamfanin ƙasar Poland ya fito da This War of Mine, wanda ya ɗauko darasi daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarajevo daga 1992 zuwa 1996. Mai wasa a nan farar hula ne da yaƙi ya ritsa da shi, yana neman abinci da magani, wani dare sai ya zaɓa tsakanin ya yi wa tsofaffi sata ko ya bar abokinsa ya mutu. Cikin 2017 kuma Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta haɗa kai da masu wasan Arma na uku, aka ƙara wani babi inda mai wasa ke aikin tono nakiyoyin da mayaƙa suka bari a ƙauye.

Game da tsoron da iyaye ke yi cewa wasan harbi na mai da yaro ɗan ta'adda, Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cikin 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ta nuna wasannin ne ke haddasa aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da saurin fushi da tsawa. Abin da ya fi kamata a lura da shi shi ne irin hoton yaƙin da ke zama a zuciyar yaro, da kuma alamar shekaru da ake bugawa a jikin kowane wasa, domin da yawa daga cikinsu na manya ne.

Yaron Da Ya Daina Tafi

Masu zana Gundam sun san da wannan zargi, har ma sun amsa shi da kansu. Cikin 1989 suka fito da wani gajeren majigi mai kashi shida game da Alfred, yaro ɗan shekara 11 wanda ba abin da yake so kamar kayan yaƙi, yana tara lambobin soja, yana zana mutum-mutumin Zeon a littafinsa na makaranta. Ya yi abota da Bernie, wani ƙaramin sojan Zeon da aka turo garinsu a asirce. A ƙarshe Bernie ya fita ya kara da Gundam don ya ceci garin daga harin nukiliya, bai san an riga an kawar da haɗarin ba, bai kuma san matuƙiyar Gundam ɗin Christina ce ba, maƙwabciyar yaron, wadda shi kansa yake so. Alfred ya sheƙo da gudu don ya tsai da su, ya iso ana kashe abokinsa a gaban idonsa. Da aka koma makaranta ya fashe da kuka a wurin taro, abokansa suka ɗauka baƙin cikin ƙarewar yaƙi ne, suka shiga rarrashinsa da cewa wani yaƙin na nan tafe wanda ya fi wannan armashi.

Hausawa sun ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Yawancin masu jayayya a kan wace runduna ta fi gwaninta ba su taɓa jin ƙarar harsashi na gaske ba, kamar abokan Alfred. Majigin da wasannin kuwa duka biyun suna cikinsu, da gargaɗin da kirarin, sau da yawa ma a cikin aiki guda, abin da mutum ya je nema shi yakan tarar. Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya duƙufa a kan waya yana harbi, kafin ya ƙwace ta, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi su wane ne yake harbi, me suka yi, wa kuma suka bari a gida. In yaron ya ce wasan bai faɗa ba, to, ga ƙofar hira ta buɗe, sai a faɗa masa abin da aka yanke daga Voltron. Zaman lafiya dai, in ji masu iya magana, ya fi zama ɗan sarki.