Gudun Yaro a Filin Ƙwallo: Baiwa Ce Ko Saurin Balaga?

Duk lokacin da aka yi hutun makaranta sai maganar ta sake tashi a Agege. Wani ya ga sanarwa a WhatsApp cewa masu neman 'yan wasa daga Turai za su zo gwaji, a sayi fom, a zo da takalmi. Kafin la'asar labari ya karaɗe Zango da Isale Oja, ya gangara har wajen mahauta a Oko-Oba. Daga nan sai muhawara ta koma kan yaran unguwa: wa zai fita? Amsar kuma kusan kullum ɗaya ce, wanda ya fi gudu. "Ai yaron nan iska ne, in ya ja ta gefe babu mai kamo shi." Da wannan magana kaɗai ake janye yaro daga aji, uba ya sayar da abin hannunsa, uwa ta shiga adashi don kuɗin fom da na fasfo.

Na san inda son gudun nan ya samo asali a wurinmu. Ahmed Musa ne. Yaron da ya taso a Jos, ya zura ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka guda, ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Kowane Bahaushe mai ɗa siriri mai ƙafa yana hango Ahmed Musa a jikinsa. Amma a sake kallon ƙwallonsa ta farko a ragar Iceland. Victor Moses ne ya ɗago ta daga dama, ta zo a sama, ba a daidai ba. Ya miƙa ƙafa ya kwantar da ita da taɓawa ɗaya, kafin ta gama zama ya ɗirka ta. Gudu ya kai shi wurin, gaskiya ne, amma abin da ya yi bayan ya isa, shi ne aikin da ake biyan kuɗi a kansa.

Da gudu kaɗai ke yin ɗan ƙwallo, da Usain Bolt ya yi. Mutumin da ya cinye mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009 ya je gwaji a ƙungiyar Central Coast Mariners ta Ostireliya a 2018. Ya ci ƙwallo biyu a wasan sada zumunta, ya bar ƙungiyar ba tare da kwantiragi ba. Dalilin a fili yake ga wanda ya duba yadda wasa ke tafiya. Ƙwararren ɗan wasa yakan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 11 a cikin minti 90, amma mafi yawanta tafiya ce da sassarfa. Gudun ƙure ƙarfi ɗan kaɗan ne, kuma yawancinsa bai wuce mita 20 ba, daƙiƙa biyu zuwa huɗu an gama. Idan aka tara lokacin da ƙwallo take ƙafarsa a duk wasan, da ƙyar ya wuce minti biyu. Sauran lokacin me yake yi? Yana waige, yana karanta inda mai tsaron baya ya juya kafaɗa, yana lissafin lokacin da zai zabura don kada ya yi satar gida. Wanda ya fara tashi da rabin daƙiƙa saboda ya hango abin da zai faru ya riga wanda ya fi shi ƙafa isa wurin.

Sai dai ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne, gudun da muke gani a jikin ɗan shekara 14 ko 15 sau da yawa ba baiwa ba ce sam. Balaga ce ta riga zuwa.

Yaro namiji yakan yi zaburar tsawo wajen shekara 14, amma wannan matsakaici ne kawai. Wani tasa kan zo tun yana 12, wani sai ya kusa 16. Da zarar ta zo, sinadarin balaga na maza, wato testostiron, yana ƙaruwa a jini, tsoka ta cika, ƙafa ta yi tsawo, taku ya buɗe, zuciya da huhu su ƙara girma. Ke nan yara biyu da aka raɗa wa suna a mako ɗaya suna iya tsayawa a fili ɗaya, ɗaya da jikin saurayi, ɗaya da jikin yaro, tazarar jikinsu ta kai shekara uku ko fiye. Idan suka yi tsere, ba sai an tambayi wanda zai ci ba.

Duk wanda ya taɓa noma a gida ya san wannan a gonarsa. Gero da dawa ana shuka su da ruwan farko, a gona ɗaya, wani lokaci kunya da kunya. Kafin watan Satumba gero ya fid da kai, ya nuna, ana tumu. Dawa kuwa tana nan kore shar, ganye kawai, kamar ba ta da niyyar komai. Baƙon da bai san noma ba, in ya shigo gonar a wannan lokaci, cewa zai yi a tuge dawar nan a ba gero wuri. Manomi ba zai ko saurare shi ba, don ya san dawa tana jiran ƙarshen damina ne, sai iskar kaka ta fara kaɗawa za ta yi zangarniya, kuma ita ce za ta cika rumbu ta kai gidan ga bazara. Ba laifin gero ba ne da ya riga nuna, ba kuma nakasa ba ce ga dawa da ta jinkirta. Kuskuren na mai yanke hukunci ne a watan da bai kamata ba. Abin da masu gwajin kwana ɗaya suke yi ke nan: su zo a watan gero, su zaɓi wanda ya riga nuna, su sallami dawa.

Cutar kuma a kan duka biyun take faɗawa. Wanda aka sallama yakan yarda cewa ba shi da rabo, ya ajiye takalmi ya koma shago. Wanda aka zaɓa kuma, tunda ƙafa tana fid da shi, ba ya koyon komai. Ga shi nan a filin makarantar firamare da sassafe, ƙasa ja, an kafa duwatsu a madadin raga. Ya tura ƙwallo gaba mita goma, ya bi ta, ya wuce mutum biyu, 'yan kallo su yi ihu. Kansa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, bai ɗago ya ga abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a gaban raga ba. Ƙafar hagu kuwa ta tsayuwa ce kawai. Koci ba zai tsawata ba, tunda ana cin wasa. Bayan shekara uku sa'o'insa sun kamo shi a jiki, masu tsaron baya sun daina tsoronsa, sai a ji ana cewa an yi masa asiri ko baki ya kama shi. Babu asirin komai, ranar da sauran za su girma ce ta zo.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun gane wannan. Beljiyam tana ware wata tawagar matasa ta daban domin masu jinkirin girma, don kada su ɓace mata. A Ingila makarantun ƙwallo kan haɗa wasu wasanni bisa girman jiki, ba bisa shekarar haihuwa ba. Luka Modric, wanda aka taɓa ƙi a Hajduk Split yana yaro saboda ƙanƙantarsa, shi ya ɗauki kyautar gwarzon duniya a 2018.

A wurinmu akwai ƙarin matsala, wadda kowa ya sani ake kau da kai: rage shekaru. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Babbar tawagarmu kuwa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba. Ba na cewa duk waɗancan yara sun rage shekaru, amma tazarar ta isa a yi tambaya. Tun gasar 2009 da aka yi a nan ƙasar, FIFA take amfani da na'urar MRI tana duba wuyan hannu. A bakin ƙashin hannun yaro akwai guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, idan girma ya kammala sai wurin ya haɗe. Wanda aka ga nasa ya haɗe gaba ɗaya, ana cire shi. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Amma a lura, na'urar tana auna nunar ƙashi ne, ba ta san ranar suna ba. Yaro mai gaskiya da ya yi saurin balaga zai iya faɗuwa, wanda ya rage shekara ɗaya mai jinkirin girma ya tsallake. Maganin na ainihi shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a karɓe ta tun yaro yana goye, kuma a nan mu iyaye ba mu da bakin zargin hukuma. Da yawanmu sai ranar da ake neman fasfo muke zuwa kotu rantsuwar shekaru.

Ko wanda baiwarsa ta gaskiya ce, hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Victor Osimhen, ɗan Olusosun nan kusa da mu, ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2015 a Chile, abin da ba a taɓa yi ba. Ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga ciwo. Sai da ya sauka zuwa Charleroi ta Beljiyam a 2018 ya sake gina kansa, kafin Lille da Napoli da kyautar gwarzon Afirka ta 2023.

Sannan ƙafar mai gudu ita ce ta fi saurin lalacewa. Raunin da ya fi yawa a ƙwallon ƙwararru shi ne yagewar naman bayan cinya, kuma yawanci a tsakiyar gudun ƙure ƙarfi yake faruwa. Wanda ya taɓa yagewa ya fi saurin sake yagewa, musamman in an koma fili bai warke ba. A lokacin zaburar tsawo kuma ƙashi yana riga tsoka da jijiya miƙewa, shi ya sa yara da yawa ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige. Wannan ciwo hutu yake so da rage atisaye. Abin da yake samu a unguwa shi ne man zafi, da ƙwayar kashe ciwo daga kemis, da "daure mana, kai ba namiji ba ne?" Wasu har tiramol ake miƙa musu kafin wasa. Wanda ya ba ɗan shekara 15 wannan ƙwaya don a ci kofin unguwa ya zalunce shi, ko da ya kira kansa mai taimako.

A Amurka suna da tasu ƙwallon ta hannu, inda akwai ɗan wasan da aikinsa ke nan, ya rungumi ƙwallo ya keta ta cikin ƙarti da gudu. Ɗan Najeriya ya taɓa zama zakaransu: Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a gasar NFL a 1989. Kaka shida kawai ya buga, daga 1987 zuwa 1992, gwiwa ta tsayar da shi. Masu wannan matsayi suna cikin waɗanda suka fi gajeren zamani a wasan. Abin dubawa a tsarinsu shi ne hanyar shiga: ta jami'a ake bi, kuma ba a ɗaukar yaro a babbar gasa sai ya yi shekara uku da gama sakandare. A cikin 'yan wasan jami'o'in, waɗanda ake ɗauka ba su kai 2 cikin 100 ba. Tsarin yana da nasa aibobin, amma sauran da ba a ɗauka ba sun zauna a aji.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan, kuma a Legas. 'Yan wasan gefe biyu da suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a Surulere a 1980 duka 'yan boko ne. Segun Odegbami, wanda ya ci Aljeriya biyu a wasan ƙarshe, injiniyanci ya karanta a kwalejin fasaha ta Ibadan. Adokiye Amiesimaka lauya ne daga Jami'ar Legas. Stephen Keshi da Henry Nwosu daga makarantar St. Finbarr's ta Akoka suka fito, ta gasar makarantun sakandare ta Principals' Cup. Makaranta ce take riƙe da yaro, tana da rajistar shekarunsa, malamin wasanni yana ganinsa shekara biyar, ba yini ɗaya ba. An fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL a 2018, abin a yaba ne, amma ba ta kai ƙasa inda yaran Agege suke ba. Filayen makarantu da yawa an cike su da gine-gine, kuma filin wasa na Agege, gidan ƙungiyar MFM da ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2017, guda ɗaya ne ga unguwanni masu cunkoson da ya wuce misali. Masu riƙe da ƙananan hukumomi sun fi son gasar kwana uku mai ɗauke da sunansu a kan biyan malamin wasanni albashi.

Game da fom ɗin da ake sayarwa kuwa, dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi, kamar iyayensa su yi ƙaura can saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 ƙungiya a Turai, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma shirin karya doka yake yi da yaron. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata da sunanta. Uban da koci ya zo masa da maganar fita yana da damar ya ce: "Koci, wace ƙungiya ce, ina takardarta, kuma wa ya ba dillalin lasisi?" Sannan ya tambayi abin da ya fi kusa: sau nawa ake auna tsawon yaron, kwana nawa yake hutawa a mako, ana sa shi buga ƙwallo da ƙafar hagu, kuma ƙarfe nawa ake tashi daga atisayen safe don ya samu darasin farko.